Tukwanen kashe gobara na nan jere, amma wa ya duba kunamarsu?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na jaridarka domin in ja hankalin masu masana'antu, manajojin bankuna da jami'an hukumar kashe gobara zuwa ga wata ƙaramar na'ura da ba kasafai ake ambatonta ba idan ana zancen gobara, wato na'urar da ke sakin gas ɗin kashe wuta daga tukwanensa. Sana'ata ita ce haɗa ƙararrawar gobara da kula da ita a manyan gine-gine, kuma na daɗe ina hawa tsani ina sauka a ɗakunan kwamfutoci, ɗakunan janareta da rumbunan ajiyar kaya. Duk lokacin da aka yi babbar gobara, kamar wadda ta cinye kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 ko ta kasuwar Monday Market ta Maiduguri a watan Fabrairu na 2023, koken jama'a ba ya wuce cewa motar kwana-kwana ta zo a makare, ko ta zo ruwanta bai isa ba. Wannan koke yana kan hanya. Amma akwai wasu gine-ginen da masu su suka kashe maƙudan kuɗi musamman domin kada su zauna jiran motar kwana-kwana, suka sa kayan da za su kashe wuta da kansu tun tana jaririya, kuma a kan waɗannan gine-gine nake son yin magana, domin da yawa daga cikinsu ba su da kariyar da masu su ke zaton suna da ita.

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin da banki ko kamfanin sadarwa ke ajiye manyan kwamfutocinsa ya ga jajayen tukwanen gas a jingine da bango, an ɗaure su da ƙarfe, bututu ya fita daga kansu ya bi rufi. A jikin rufin kuma akwai fararen na'urori masu kama da faifai waɗanda ke shinshinar hayaƙi, sannan a bakin ƙofa akwai allon sarrafawa mai ƙananan fitilu. Abin da ido ba ya kulawa da shi shi ne mahaɗin da ke tsakanin masu shinshinar hayaƙin da tukwanen, wato na'urar da ke ba da umarnin a saki gas. A nan zan kira ta na'urar saki. A wasu wuraren allo ne mai zaman kansa, a wasu kuma ɗan akwati ne da bai fi tafin hannu ba, wanda ake liƙawa a kan layin wayar babban allon ƙararrawa na ginin, a ba shi lambarsa kamar yadda ake ba kowace na'urar hayaƙi, sannan a jawo masa wutarsa daban saboda layin da ke ɗauke da saƙonni ba zai iya ɗaukar nauyin aikin da ke gabansa ba. Idan muka ɗauki bindigar mafarauci, na'urorin hayaƙi su ne idanunsa, tukwanen gas su ne albarushin da aka ɗura, na'urar saki kuwa ita ce kunama.

Aikinta a takaice shi ne ta aika wutar lantarki mai ƙarfin bolt 24 zuwa wani maganaɗisun lantarki da ke ɗaure a kan tukunya, wanda ake kira solanoid. Da wutar ta isa gare shi sai ya turo wani ɗan tsinken ƙarfe, tsinken ya buɗe bakin tukunya, gas ya fita da ƙarfi ya cika ɗaki. Irin gas ɗin da aka fi sani a nan, FM-200 da Novec 1230, ƙa'ida ita ce su gama fita cikin daƙiƙa 10. Da zarar an buɗe babu mayarwa, sai tukunya ta zama fanko. Wannan ne ya bambanta layin saki da layin ƙararrawa. Idan ƙararrawa ta yi kuka bisa kuskure, asarar ba ta wuce ma'aikata su fita tsakar gida su yi tsaki su dawo ba. Idan na'urar saki ta yi kuskure kuwa, an zubar da gas na miliyoyin naira, an tsayar da aiki, a wasu lokutan ma an sa rai cikin haɗari.

Saboda haka masu tsara waɗannan kaya suka kewaye ta da sharuɗɗa. Ba ta karɓar shaidar mutum ɗaya. Idan na'urar hayaƙi guda ta ji wani abu, ƙararrawar farko ce kawai za ta yi ƙara domin a je a duba. Sai wata ta biyu, wadda ke kan layi daban a cikin ɗakin, ta tabbatar da maganar ta farko, sannan sautin ya canza, fitilar gargaɗi ta kama a bakin ƙofa, a fara ƙirgen jinkiri wanda a mafi yawan wurare ake sa shi daƙiƙa 30. A cikin wannan ɗan lokaci ake son mutane su fice, na'urar ta kashe iyakwandishan, ta rufe kafofin iska domin kada gas ya bi ta nan ya tsere. Kusa da ƙofa akwai maɓallin dakatarwa, wanda a tsarin da aka fi yi sai mutum ya danne shi da yatsa bai ɗaga ba yake aiki, domin wanda ya ga cewa hayaƙin ba na gobara ba ne ya samu damar tsayar da ƙirge. Akwai kuma maɓallin saki da hannu, na wanda ya ga wuta da idonsa kafin na'ura ta ji ta, kuma ƙa'ida ta fifita shi a kan maɓallin dakatarwa, ta yadda ko wani na danne da wancan, idan aka ja wannan gas zai fita.

Akwai wani aikin da na'urar saki ke yi dare da rana wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci, wato gadin wayarta. Kullum tana tura wata 'yar siririyar wuta, wadda ba ta kai ta motsa solanoid ba, ta bi wayar har ƙarshe ta dawo. A ƙarshen layin ana sa wani ɗan ƙaramin abu mai rage ƙarfin wuta, rizisto, wanda da shi na'urar ke gane cewa layin lafiya yake. Idan ɓera ya ci wayar, ko mai gyaran rufi ya tsinke ta, ko ta haɗe da wata, allon zai kunna fitila mai ruwan ɗorawa ya riƙa ƙara yana sanar da matsala. Dabara ce mai kyau ƙwarai, sai dai tana da rauni guda, kuma a daidai wannan rauni ne ake cutar masu gine-gine.

Bari in ba da labarin abin da na gani da idona. An kira ni wani kamfani, wanda ba zan ambaci sunansa ba, domin in duba ƙararrawarsu kafin masu inshora su zo. Allon yana nuna koriyar fitila, babu alamar matsala ko ɗaya, tukwane huɗu a tsaye suna sheƙi, allurar ma'aunin kowace tana kan kore. Manajan wurin ya ce mini in sa hannu kawai in tafi, tunda ga shi ina ganin komai daidai. Na ce a ba ni tsani. Da na leƙa bayan tukwanen sai na tarar da solanoid yana reto a jikin wayarsa kamar tsumagiya, an kwance shi daga kan tukunya, ƙura ta lulluɓe shi. Tunda wayar tana nan a haɗe da shi, allon bai san an raba shi da tukunya ba, yana ta shaida cewa lafiya lau. Da gobara ta tashi a ɗakin nan, da na'urorin hayaƙi sun ji, da ƙararrawa ta yi kuka, da ƙirge ya kai ƙarshe, da tsinken ya fito ya soki iska. Da na bincika sai aka ce mini tun ranar da aka gama aikin aka cire shi domin gwaji, ɗan kwangilar ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ba wanda ya tuna a mayar. Shekara uku ke nan suna kwana da tabbacin da babu shi.

Wannan ba shi ne karo na ƙarshe da na ga irin haka ba, kuma ba kullum mantuwa ce ke jawo shi ba. Sau da yawa da gangan ake yi. Idan hunturu ya kama, ƙura ta cika gari, na'urorin hayaƙin da ba a share su sukan ɗauki ƙura a matsayin hayaƙi, domin yawancinsu da haske suke aiki, duk abin da ya gitta ya watsa hasken da ke cikinsu sai su ce wuta ce. Haka ma hayaƙin janareta da ya shigo ta taga, ko maganin sauro da aka fesa, ko ƙurar mai huda bango. Ranar da biyu suka yi kuskure tare gas ya zube, aka kawo wa mai gida takardar kuɗin sake cikawa, wanda da dala ake lissafa shi tunda daga waje ake shigo da gas ɗin, ranar ake yanke hukuncin cewa ba za a sake yarda haka ta faru ba. Sai a umarci yaron lantarki ya cire solanoid, ko ya murza makullin da ke raba layin saki ya jefa makullin a aljihun tebur. Mafi muni shi ne wanda zai cire wayar gaba ɗaya daga allo, ya ɗauko rizisto ɗin da ya kamata ya zauna a ƙarshen layi ya maƙala shi a bakin allon, domin fitilar matsala ta mutu, ƙarar da ke damun mutane ta yi shiru. Wannan gyaran gangar Auzinawa ne, kuma ni ban ga bambancinsa da ha'inci ba, ko da mai yin sa yana ganin taimako ya yi.

Ban ɗora laifin duka a kan yaron lantarki ba. Shi ya san cewa idan gas ya zube a lokacin aikinsa, daga albashinsa za a fara zancen, idan kuwa gobara ta cinye ɗakin za a ce ƙaddara ce. Duk wanda aka sa a wannan matsayi ya san zaɓin da zai yi. Maganin sakin kuskure sananne ne: a riƙa share na'urorin hayaƙi kafin hunturu da bayansa, a tabbatar an haɗa su ta yadda sai biyu sun yarda, a toshe kafofin da ƙura ke shigowa, kuma a wurare masu ƙura sosai, kamar masaƙa ko injin casar shinkafa, a zaɓi irin na'urar da ta dace da wurin, misali mai jin zafi ko mai zuƙo iska ta bututu tana tacewa. Yawancin waɗannan kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin cika tukunya ɗaya ba.

Matsalar solanoid da ake cirewa ba tamu ce mu kaɗai ba. A Amurka, ƙungiyar NFPA da ke rubuta ƙa'idojin kariya daga gobara, waɗanda da yawa daga cikin injiniyoyinmu ke aiki da su, ta sa a cikin ƙa'idarta mai lamba 2001 cewa daga 1 ga Janairu 2016 dole ne cire solanoid daga kan tukunya ya sa allo ya yi ƙara ya kuma nuna fitilar cewa an naƙasa tsarin. Masu ƙera kayan suka fito da solanoid mai ɗan makunni a gindinsa, wanda ke sanar da allo ko yana zaune a mazauninsa ko an ɗaga shi. Shekaru sun shuɗe da kafa wannan ƙa'ida, amma har yau ana kawo mana tsohon samfuri ana sakawa a sababbin gine-gine, saboda ya fi araha kuma mai ginin bai san ya tambaya ba. Haka kuma ba kowane solanoid ne ke tafiya da kowace na'urar saki ba. Kowane kamfani yana fitar da jerin waɗanda aka gwada da kayansa, domin wani solanoid yana jan wuta fiye da abin da na'urar za ta iya bayarwa. Wanda ya sayi allo a wannan shago, ya sayi tukunya a wancan, ya haɗa su don ya ga bakin waya ya shiga, ba zai san ya yi kuskure ba sai ranar da ake buƙata.

Yanzu bari in juya ga ɗaya gefen, domin kada mai karatu ya ɗauka cewa iyakar haɗarin shi ne gas ya ƙi fita. Fitarsa a lokacin da bai dace ba ta kashe mutane. A ranar 28 ga Yuli 1998, a wata cibiyar binciken nukiliya ta gwamnatin Amurka da ke jihar Idaho, ma'aikata sun shiga wani ginin lantarki domin gyara. Ginin yana da tsarin kashe wuta na iskar kabon dayoksaid, kuma kafin su fara an dakatar da tsarin, amma ta hanyar ba allon umarni kawai, ba tare da an rufe bututu ko an raba layin saki da hannu ba. Suna cikin kashe wutar ginin sai wani saƙon ƙarya ya isa ga solanoid, gas ya fita babu gargaɗi, ɗakin ya turnuƙe fari fat har ba a ganin ƙofa. Mutum ɗaya ya rasu, wasu da dama suka jikkata. A watan Maris na 2016 kuma, a hedikwatar bankin Siam Commercial da ke Bankok ta ƙasar Tailan, ma'aikatan kwangila suna aikin inganta kayan kashe gobara a ɗakin ajiyar takardu na ƙarƙashin ƙasa sai tsarin ya saki sinadarinsa a kansu, mutum takwas suka mutu. A duka wuraren biyu babu gobara ko ɗaya.

Darasin Idaho shi ne wanda nake yawan maimaita wa yaran da ke koyon aiki a hannuna: danna maɓalli a allo ba kulle ba ne. Kafin mutum ya taɓa waya a ɗakin da ke da gas, sai ya raba layin saki da hannunsa, ya ɗaga solanoid daga kan tukunya, ya rataya alama, ya rubuta a littafi, idan ya gama kuma ya mayar da komai a gaban shaida ya sake rubutawa. Cirewar da na soka a baya da wannan cirewar aiki ɗaya ne a hannu, abin da ya raba su shi ne littafin da kuma mayarwar.

Kabon dayoksaid yana buƙatar magana ta musamman, domin har yanzu ana sa shi a ɗakunan janareta da na taransifoma saboda arharsa da sauƙin samunsa a cikin gida. Domin ya kashe wuta sai ya kai aƙalla kashi 34 cikin 100 na iskar ɗaki, alhali kashi 10 cikin 100 ya isa ya sumar da mutum cikin ɗan lokaci. Ba shi da launi bayan hazonsa ya washe, ba shi da wari, ya fi iska nauyi, don haka yakan gangara ya taru a rami da ɗakunan ƙasa inda ba a zata ba. A watan Agusta na 2008, a garin Monshengiladbak na Jamus, gas ɗin da ya fita daga tsarin kashe gobara na wani kamfanin fenti ya malala har cikin unguwa, mutum fiye da 100 suka jikkata. To mu da muka san cewa a yawancin ma'aikatunmu ɗakin janareta shi ne inda maigadi ke shimfiɗa tabarmarsa idan sanyi ya yi yawa, ya kamata mu yi tunani sau biyu. A ra'ayina, duk ɗakin da mutum ke iya zama ko kwana a cikinsa bai kamata a sa masa wannan gas ba. Inda kuma ya zama dole, to a sa famfon kullewa na hannu a kan bututu, da jiniya da jinkirin da ƙarfin gas ɗin kansa ke tafiyar da su, waɗanda ba ruwansu da ko akwai lantarki ko babu.

Zancen lantarki kuwa, shi ne ciwon da ya fi damun wannan sana'a a ƙasar nan. Allon saki yana da batir biyu masu bolt 12 kowanne, kuma ƙa'ida ta ce su iya riƙe shi awa 24 babu wuta, sannan su kasance da sauran ƙarfin da za su buga ƙararrawa su motsa solanoid. An yi wannan lissafi ne da ƙasashen da ɗauke wuta baƙon abu ne. Mu a nan batir yana aiki kusan kullum, ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, kuma zafi yana rage kwanan irin wannan batir ƙwarai. Batirin da ya gaji yana iya nuna cikakken ƙarfi idan aka sa masa ma'auni, yana iya kunna fitilun allo, amma ya durƙushe a daidai lokacin da solanoid ya ja wuta. Ga shi kuma gobarar lantarki takan tashi a lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi ko ake sauyawa zuwa janareta, wato lokacin da allon ya fi dogara da batirinsa. Saboda haka ba a gwada batir da kallon fitila, sai an ɗora masa kaya an gani.

Ko da kunama ta yi aikinta, ɗakin ma yana da nasa. Ana son gas ya zauna a ciki na aƙalla minti 10 domin abin da ya kama ya huce, kada wutar ta farfaɗo. Ɗakin da aka huda bangonsa aka shigo da sababbin wayoyi ba a toshe ba, ko aka tokare ƙofarsa da bulo saboda iyakwandishan ya lalace, ba zai riƙe komai ba, kamar mai ɗiban ruwa da kwando ne. Akwai gwajin da ake yi da fanka a bakin ƙofa domin a auna yawan yoyon ɗaki, kuma ba na jin ya kamata a karɓi aiki ba tare da shi ba. Wani abin mamaki da zan ambata a gurguje shi ne ƙarar fitar gas ma tana ɓarna. A watan Satumba na 2016, bankin ING a Bukares ta Romaniya ya gwada tsarinsa na kashe gobara mai amfani da wani gas da ake kira Inergen, ƙarar ta lalata faya-fayan ajiyar bayanai masu yawa, katunan abokan hulɗarsa da injinan cirar kuɗi suka tsaya na kimanin awa goma. Tun daga irin waɗannan abubuwa masu ƙera kaya suka yawaita fitar da bakin bututu mai rage ƙara.

Akwai sabon ɗaki da ya shigo gine-ginenmu a 'yan shekarun nan wanda tsofaffin tsare-tsare ba su san da shi ba, wato ɗakin inbata da batiran sola. Gobarar da ta tashi a benen Afriland da ke tsibirin Legas a ranar 16 ga Satumba 2025, wadda ta yi sanadin rasuwar mutum goma, an ruwaito cewa daga ɗakin inbata na ƙarƙashin ginin ta faro, hayaƙi ya bi benaye. Ina kira ga duk mai irin wannan ɗaki ya tambayi kansa ko akwai na'urar hayaƙi a ciki, ko tana haɗe da allon ginin, kuma ko akwai abin da zai katse wutar ya tsayar da fankokin da ke zagaya iska idan ta ji wani abu. Sannan kada wani ya ruɗe shi da cewa tukunyar gas ta gama magana a kan batirin litiyom. Gas zai iya kashe harshen wutar, amma ba ya sanyaya batirin da ya riga ya fara cin kansa daga ciki, don haka wutar na iya dawowa. Irin wannan ɗaki yana buƙatar a nisanta shi da matakala da hanyar fita, a yi masa bango mai jure wuta, a kuma tanadi ruwa.

Haka nan ba na son a fahimce ni cewa gas ne maganin gobarar kasuwanni. Rumfar kasuwa a buɗe take, ruwa take so: rijiyar burtsatse, tanki, famfunan kwana-kwana da hanyar da mota za ta shiga. Sai dai ko a ɓangaren ruwa na'urar saki tana da aiki, domin ita ce ke buɗe babban famfon da ke yi wa taransifoma ko tankin mai ambaliya da ruwa ko kumfa, kuma ita ce ke riƙe ruwa daga shiga bututun ɗakin ajiyar takardu har sai an tabbatar da hayaƙi. Masana'antun katifa, na roba da na matsar mai da ke Sharaɗa, Bompai da Challawa a Kano duk suna da wuraren da wannan ya shafa.

Mai shirin sayen sabon tsari kuma ya san halin da kasuwar gas take ciki. Halon, gas ɗin kashe wuta da aka yi yayinsa a da, an daina ƙera shi ƙarƙashin yarjejeniyar Montiriyal ta 1987 saboda illarsa ga sararin samaniya. FM-200 yana cikin sinadaran da gyaran da aka yi wa wannan yarjejeniya a Kigali a 2016 ya ce a riƙa rage su sannu a hankali. Kamfanin 3M kuma ya sanar a watan Disamba na 2022 cewa zai daina ƙera rukunin sinadaran da Novec 1230 ke ciki zuwa ƙarshen 2025, ko da yake wasu kamfanoni suna yin irinsa. Duk wannan yana nufin sake cika tukunya ba zai ƙara araha ba, kuma jarabar cire solanoid za ta ƙaru.

Roƙona na farko ga Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya da takwarorinta na jihohi ne. Idan jami'ansu suka je duba gini kafin ba da takardar shaida, kada su tsaya ga ƙirga tukwanen hannu da karanta ranar da aka liƙa a jikinsu. Su nemi a nuna musu kan babbar tukunya, su ga solanoid a mazauninsa, su ga makullin raba layi a inda ya dace, su buɗe littafin kula su ga ranar da aka auna tukwanen, domin ƙa'ida ta ce a duba su duk wata shida, kuma wadda ta rasa fiye da kashi 5 cikin 100 na nauyin gas ɗinta a sake cika ta. Kamfanonin inshora su ma suna da ƙarfin da ya fi na kowa a nan, tunda su ne za su biya. Sannan allunan gargaɗin da ke bakin ƙofofin nan duk da Turanci suke zuwa, alhali maigadi da mai shara, waɗanda su ne ke cikin ginin da tsakar dare, da yawansu Hausa suke karantawa, wasu ma da ajami. A rubuta musu da harshen da suke ji cewa idan sautin ya canza su fita su ja ƙofa, kuma a nuna musu da hannu wane maɓalli ne na dakatarwa, wane ne na saki, domin na taɓa tambayar wani maigadi ya nuna mini su a juye.

Ga mai gini kuwa, akwai gwajin da ba ya cin ko kilo ɗaya na gas, kuma haƙƙinsa ne ya gani da idonsa kafin ya biya kuɗin ƙarshe, sannan a maimaita masa shi kowace shekara. A ɗaga solanoid daga kan tukunya a riƙe a hannu, a duba ko allo ya yi ƙarar an cire shi. A kashe wutar gari a bar allon a kan batir. A fesa hayaƙin gwaji a na'ura ta farko, a ji ƙararrawa, a fesa a ta biyu, a duba agogo ana ƙirge, a ga iyakwandishan ya tsaya, a danne maɓallin dakatarwa a ga ya tsayar, a sake shi, sannan a zuba ido a ga tsinken ya fito. Bayan haka a cire waya ɗaya daga jikin solanoid ɗin kansa, ba daga bakin allo ba, a ga ko fitilar matsala ta kama. Idan duk sun yi, a mayar da tsinken ciki, a ɗaura solanoid a kan tukunya a gaban mai gida, kowa ya sa hannu a littafi. Ɗan kwangilar da ya ce wannan gwaji ba dole ba ne, a riƙe ragowar kuɗinsa har sai ya yi.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani mai haɗa ƙararrawar gobara,
Kano.